Kwana Tara da Baba Ya Tare Zaure

Duk shekara idan zango na biyu ya raba tsakiya, nakan shiga aji in rubuta Japan a allo in ja masa layi. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina wannan aiki, na fara a Gummi aka mayar da ni Anka, kuma har yau ban taɓa ganin mutumin Japan ido da ido ba. Abin da na mallaka littafi ne guda, shi ma gara ta cinye masa shafi huɗu, daidai wurin da aka yi bayanin dalilin da ya sa mutanen suka daɗe ƙasarsu na rufe. Saboda haka littafina ya san sun rufe, ya san sun buɗe, dalili kuwa sai in ciko shi daga abin da na riƙe tun ina kwaleji.

Darasin ba shi da wuya. Mutanen nan sun rufe ƙasarsu sama da shekara ɗari biyu. Baƙo ba ya shiga, ɗan ƙasa ba ya fita, wanda ya fita ya dawo kuma ya sayi mutuwarsa. Cikin Turawa 'yan kasuwar Holan kaɗai aka bar wa wani ɗan tsibiri a bakin gaɓa, su tsaya can su miƙo kaya a miƙa musu. Rannan sai ga jiragen yaƙin Amurka, baƙaƙe wuluk, suna tuƙar hayaƙi, suka ce a buɗe. Aka duba igwoyin da ke cikin jiragen, aka duba takubban da ke hannu, aka buɗe. Daga nan suka zaɓi mutanensu suka tura ƙasashen Turawa su gano yadda ake makaranta da masana'anta da jirgin ƙasa, suka dawo suka yi nasu. Maza suka aske tukkun da suka gada, suka rataye takobi, suka sa kwat, har lissafin watanni suka sauya. Kafin jaririn da aka haifa a lokacin ya yi furfura, su ma suna ƙera jirgin yaƙi.

Ban taɓa koyar da wannan darasi ban tuna zauren gidanmu ba, kuma tunawar ba ta daɗi ba ce.

Babana manomi ne a wani ƙauye tsakanin Anka da Bukkuyum. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, mutanensa sun gaji da a san su da abu ɗaya. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kama sunana ba. In yana cikin daɗi ni ne "kai wanga", in ransa a ɓace ni ne "mai boko", kuma na fi amsa na biyun. Gidanmu gidan ba-shiga ne na gaske. Masu ƙidaya sun zo, a zaure suka tsaya. Malamin gona ya zo, zaure. Mai gyaran rijiya ma sai da aka kwashe mata aka kai su maƙwabta kafin ya leƙa. Baba ba mutum ne mai faɗa ba, zama kawai yake yi a bakin ƙofar ciki da rediyonsa a gefe, ya gaishe ka ya tambayi gida, ka gaji ka tafi.

Rediyon nan ɗan Japan ne, kekensa ma haka. A wajen Baba kayan duniya kashi biyu ne, akwai ɗan Japan akwai tarkace. Bai san inda ƙasar take ba, bai kuma damu ba. Mutum ɗaya tak ke da izinin taɓa rediyon, shi ne jikansa, ɗan ƙanena, wanda bai cika shekara uku ba. Ya zauna a cinyar Baba ya murɗa tasha ana tsakiyar labaru, Baba ya ce ai dama labarun ƙarya ne.

Sai zinari ya zo. Ƙanena na cikin waɗanda suka fara ɗauko dutse a buhu daga ramukan daji. Da farko a bayan gari ake ajiyewa, sai aka fara sata, Baba ya ce a shigo da buhunan cikin gida inda ido ke kai. Aka shigo da su. Mata suka riƙa dakan dutse a turmin da ake dakan gero, a shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe, ƙura ta hau tukwane da tabarmi da kan kowa. Duk ƙauyen haka ake, haka kuma ake a Duza da Tungar Guru. Ni mai takardar shaidar malanta, in na zo hutun mako a kan buhun dutsen nake zama in sha fura, har ina yaba laushinta.

Kafin ruwan farko ya sauka yara suka fara amai da zafin jiki, sai jijjiga, ido ya kakkafe, haƙora su datse. Wasu suka ce sanƙarau ne, wasu suka ce iska ce. A cikin mako ɗaya na halarci jana'izar yara har na daina tambayar na wane gida ne. Ɗan ƙanena ya kwana biyu yana jijjiga, a rana ta uku ya cika. Baba ne ya ɗauke shi a hannu zuwa maƙabarta. Da aka dawo ya zauna a wurinsa na kullum, ya ce kwana ya ƙare, ya juya fuskar rediyon ta kalli bango.

Na Japan jirage ne baƙaƙe, namu motoci ne farare. Likitoci ne na ƙasashen waje da na gida, suka sauka a firamaren gari suka ɗebi jinin yara, suka bi gida gida da wata na'ura mai kama da dutsen guga suna ɗora ta a ƙasa. Suka ce gubar dalma ce, a cikin dutsen take, ta bi ƙura ta zauna a ƙasar gidaje. Aiki biyu ne a gaba, a kankare ƙasar tsakar gida a zuba sabuwa, sannan a ba yara magani. Ba kuma za a fara wa yaro magani ba sai an gyara gidansu, don babu amfanin wanke jini a mayar da shi ya ci gaba da lasar ƙasar da ta ɓata shi. Maganar ba ta da inda za a kama ta, ni dai na gamsu.

Ɗiyata tana da shekara ɗaya da rabi a lokacin. Ni ina Anka a ɗaki guda da wani malami, ita da uwarta suna gida wajen su Inna. Inna ce ta goya ta zuwa firamaren, ni ina biye. Ma'aikacin ya duba abin da na'urarsa ta nuna, ya dube ni, ya sake ɗaukar jinin. Da ya gama ya tambaye ni wane gida, na faɗa masa, ya ce a gaggauta.

Baba ya ce ba a shiga.

Maigari ya zo, liman ya zo, wani dattijon ma'aikacin lafiya mai haƙurin gaske ya zo har sau uku. Duk a zaure aka shimfiɗa musu tabarma aka kawo ruwa. Hujjar Baba ɗaya ce. A wajenmu idan an haihu ungozoma kan wanke mabiyiya ta binne ta a bayan ɗakin mai jego, cibiya ma in ta faɗi nan ake kai ta. Ya ce tasa cibiyar na cikin gidan nan, ta ubansa na ciki, ta 'ya'yansa duka na ciki, ba wanda zai zuba su a baro ya kai juji yana raye. Liman ya ce addini bai hana ba. Baba ya ce shi ma bai ce addini ya hana ba, shi ne ya hana.

Za a ce me ya sa ban ɗauke matata da ɗiyata ba. Na yi tunanin haka. Gidan surukaina a Tungar Daji yake, ƙasarsu ta fi tamu lalacewa. Ɗakina na Anka ba nawa ni kaɗai ba ne. Waɗannan su ne dalilan da nake ba mutane. Na gaskiyar shi ne ban taɓa fitar da ko akuya daga gidan nan ba da yawun Baba ba, kuma na kasa farawa da matata. Wannan abu har yau ban yafe wa kaina shi ba.

A kwana na huɗu na ce bari in yi abin da na iya. Bayan la'asar na same shi a zaure na zauna daga gefe, na tambaye shi ko ya san labarin mutanen da suka ƙera rediyon nan. Ya ce bai sani ba, amma ya san ba su da ha'inci. Na gyara zama na ɗauko darasi tun daga farko, kamar yadda nake yi a aji, sai dai babu allo. Na faɗa masa yadda suka rufe ƙasa.

"Shekara nawa?" in ji shi.

Na ce sama da ɗari biyu.

"Kuma ba su mutu ba?"

Na ce ba su mutu ba. Ya kaɗa kai, ya ce mutanen kirki. Da na zo kan tsibirin da aka ware wa 'yan Holan sai fuskarsa ta saki, karo na farko tun rasuwar yaron. Ya ce wannan ai zaure ne, ashe su ma sun san ya kamata. Nan na gane darasin nawa ya kama hanyar da ban aike shi ba. Na yi sauri na kawo jiragen, na ƙara musu girma da hayaƙi fiye da yadda littafi ya faɗa, na kawo jirgin ƙasa da asibiti da makaranta. Ya tambaya ko su ma an kwashe musu ƙasar tsakar gida. Na ce littafi bai faɗa ba. Ya ce to.

Har na fara tattara takalmana sai ya tambaye ni, da suka buɗe ɗin, Turawa ne suka shiga suka yi musu aikin? Na ce a'a, nasu suka tura suka gano yadda ake yi.

"To kai ma tahi ka gano," ya ce. "Ka zo ka hwaɗa mini mi suka yi."

Washegari na ɗauki rula ta katako daga jakar makaranta na shiga gidan maƙwabcinmu inda ake aikin. Ni ne tawagar gidanmu zuwa ƙasashen waje, tafiyar taku talatin ce. Na tarar samarin garinmu ne ke yi, an koya musu, an ba su takalman roba da abin rufe hanci. Suna kankare ƙasa da fartanya, su tara da shebur, su ɗura a buhu, su share, a ɗora na'ura, in ta yarda a kawo jan ƙasa daga nesa a baza a daddaɓe. Na tsuguna na kafa rula. Abin da suke cirewa bai kai tsawon yatsana ba.

Na shiga wajen Inna na tambaye ta zurfin ramin da ake binne mabiyiya. Ta nuna mini hannunta har gwiwa. Sannan ta dube ni irin duban da take yi mini in na kawo mata maganar makaranta, ta ce ubana bai taɓa ganin inda aka binne ko guda ba, aikin ungozoma ne, maza ba sa zuwa wurin. Ta ce in bar wahalar da kaina da katako, ba cibiya ce ta zaunar da shi a zaure ba. Na tambaye ta to mene ne. Ta ce in je in tambaye shi, ba ni ne mai ilimi ba.

Ban saurare ta ba. Na je wa Baba da rahoto cikakke, na nuna masa yatsa, na nuna masa gwiwar hannu, na ce tsakaninsu akwai tazara mai yawa, ko cibiya ɗaya ba za a taɓa ba. Ya karɓi rular ya jujjuya ta, ya tambaya ko 'yar Japan ce. Na ce a Gusau na saya. Ya ajiye ta kusa da rediyo ya ce ya ji.

Kwana na shida ya wuce, na bakwai ya wuce. Aka gama gidan da ke damanmu da na hagunmu, mota ta kwashi yaransu zuwa asibiti. Ɗiyata ta daina cin abinci, sai nono, shi ma tana mayarwa. Ba ta kuka sosai, kwanciya kawai take tana kallon rufin ɗaki. Matata ta daina yi mini magana, in na shigo sai ta miƙo mini ruwa ta juya baya, kuma ta yi daidai.

Ranar kwana na takwas da hantsi na ji ihun matata. Na tarar da yarinyar a hannun Inna ta sanƙare, idon ya juye, ƙafafu na karkarwa. Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka ba, daga baya jikin ya saki, ta yi numfashi. Na fito ban ko sa takalmi ba. A rayuwata ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar. Na tsaya a kansa, ban zauna ba, na ce in bai buɗe ƙofar nan ba wallahi zan fasa katangar baya da hannuna in shigo da su, in ya so ya tsine mini. Na ce cibiyar da yake gadi ta waɗanda suka riga suka girma ce. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan rubuta ba.

Bai ɗago ba. Ya bari sai da na gama haki, sannan ya yi magana a hankali, yana kallon bayan rediyon.

"In sunka ɗebe ƙasag ga, na yarda ke nan ita ta kashe shi."

Ya ci gaba:

"Wa yac ce a shigo da dutsen? Ni nic ce. Don kar a sace."

Shekara da shekaru ina ba da amsa a aji, har tambayar da ban sani ba nakan samo mata wani abu. Ranar ban samu komai ba. Fushin da na shigo da shi ya zube, tausayinsa ya kama ni, na kuma ji haushin tausayin, don ɗiyata na ciki a kwance. Na zauna a ƙasa. Baba yakan kira yarinyar amaryarsa, irin wasan kaka da jika, har yakan ce tuwonta ba gishiri. Na ce masa, "Baba, shi ya tafi. Amaryarka tana ciki, ita ba ta tafi ba tukuna."

Da safe bayan an fito masallaci na ji ƙarar fartanya a tsakar gida. Baba ne, ya tuɓe riga ya ɗaura zane, yana kankare ƙasar bakin ɗakinsa, wurin da yaron kan zauna ya ci ɗumame. Rulata na soke a ƙugunsa. In ya yi sara biyu uku sai ya tsuguna ya auna. Da ya cika buhu ɗaya ya ɗaure bakinsa, ya hana ni kamawa, ya ɗora a kai ya fita da shi ta zaure ya dire a gaban masu aikin. Ya ce musu su shigo. Ban taɓa jin kalmar nan daga bakinsa zuwa ga wani namiji baƙo ba, su ma sai da suka dubi juna.

Yini guda suka yi, yana biye da su da rula, yana gaya musu inda suka yi ha'inci. Da dattijon ma'aikacin lafiya ya ce daga yau duk wanda ya dawo daga wurin dutse ya bar takalmansa a waje, na ce ai haka mutanen Japan ke yi, ba sa shiga ɗaki da takalmi. Shi ke nan na jawo wa gidanmu doka. Har ya rasu, shekara shida bayan haka, ba wanda ya wuce zauren nan da takalmi a ƙafa, ko maigari.

Da yamma mota ta ɗauki matata da ɗiyata zuwa asibiti. Ta yi makonni ana ba ta magani, aka sallame ta, aka riƙa mayar da ita. Ta rayu, alhamdu lillahi. Tafiya ta zo mata a makare, magana ta fi makara. Na taɓa tare wani likita na tambaye shi ko kwana taran nan ne suka jawo. Ya ce gubar ta yi watanni a jikinta kafin nan, ba wanda zai iya ware wa kwana tara rabonsu. Na kai wa Baba wannan magana yadda aka faɗa mini. Ya ce ya ji. Ni ma na ji, ina kuma maimaita wa kaina ita lokaci lokaci.

Yanzu ta zama budurwa, ta fi uwarta tsawo. Tana da kirki, tana dafa tuwo mai gishiri daidai, tana karatu a hankali da yatsa a kan layi. Abin da aka koya mata yau yakan kwana biyu ya tafi. Baba ya bar mata rediyon, yana aiki har yanzu.

Duk shekara in zango na biyu ya raba tsakiya, nakan zauna a tsakar gida bayan la'asar ina shirya darasi, sai ta zo ta zauna kusa da ni da rediyonta ta tambayi abin da nake rubutawa. In ce labarin mutanen da suka ƙera wannan ne. Ta ce in ba ta. Na ba ta bara, na ba ta bara waccan, bana ma na ba ta, kowane karo tana saurare da baki buɗe, don a wajenta ba ta taɓa ji ba. Tana son wurin jiragen. In na kai inda aka buɗe ƙofa aka yi asibiti da makaranta, sai ta yi tambayar da take yi a daidai wurin nan duk shekara.

"Baba, to me ya sa suka daɗe ba su buɗe ba?"

A aji ina da amsa mai kashi uku, ɗalibai na rubutawa suna cin jarrabawa da ita. Ita kuwa sai in buɗe littafin in nuna mata wurin, in ce gara ta cinye shafin. Ta shafa gefen takardar da yatsa ta ce kash, sannan ta koma murɗa tasha.